Wai Antaktika ƙasa ce ko teku ne ya daskare? A raba mu gardama

Sadiq_Taswira:
Salamu alaikum 'yan guruf. Don Allah masu ilimin labarin ƙasa ku raba mu gardama, tun jiya da daddare muke abu ɗaya da wani abokina har cajin wayata ya ƙare. Ni na ce masa wannan Antaktika da ake sawa a can ƙasan taswira fari fat ba wata nahiya ba ce, teku ne sanyi ya daskarar, kamar yadda yake a ƙuryar arewa. Shi kuma ya kafe wai ƙasa ce sosai da duwatsu da kwaruruka, har wai da tafkuna a ƙarƙashin ƙanƙarar. To nan ne ma na ce ya fara zuƙi ta malle, wurin da ya fi ko'ina sanyi a duniya ta ina ruwa zai zauna bai daskare ba? Mun yi da shi duk wanda ya faɗi zai sa wa ɗan'uwansa data, don haka a faɗi gaskiya tsakani da Allah.

Yar_Baba22:
Wa alaikumus salam. Yaya Sadiq kawai ka fara haɗa kuɗin data tun yanzu hhh

Malam_Haruna:
Wa alaikumus salam Sadiq. Abokinka ya fi ka gaskiya, amma na gane inda ka ruɗe, ɗalibaina ma kullum nan suke faɗawa. Arewa da kudu kishiyoyin juna ne. A arewa teku ne a tsakiya, ƙasashe suka kewaye shi, Rasha da Kanada da Girinlan da sauransu, ƙanƙarar da ke kansa kuma kaurinta 'yan mitoci ne kawai, shi ya sa jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin ruwa, Nautilus, ya bi ta ƙarƙashinta ya wuce a 1958. A kudu kuwa ƙasa ce a tsakiya teku ya kewaye ta. Girmanta wajen murabba'in kilomita miliyan 14, ta fi Turai, ta fi Ostireliya nesa ba kusa ba, ita ce ta biyar a girma cikin nahiyoyi. Ƙanƙara ta rufe kusan kashi 98 cikin ɗari nata, kuma in ka daidaita kaurin ƙanƙarar zai kai wajen kilomita 2, a wani wurin ma ya haura kilomita 4 da rabi. Wannan ba ruwan teku ba ne, dusar ƙanƙara ce da ta yi ta zuba shekara da shekaru ba ta narkewa, ta sama tana danne ta ƙasa har ta zama kamar gilashi. In ka narka ta ba gishiri za ka ji ba.

Sadiq_Taswira:
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Amma fa har yanzu ban ji abin da zai hana a ce katuwar ƙanƙara ce kawai take yawo a kan ruwa ba. Kauri ai ba hujja ba ne.

Injiniya_Nura:
@Sadiq_Taswira kauri hujja ne mana, bari in yi maka lissafi na kan yatsa. Jefa ƙanƙara a kofi ka gani, kusan kashi 9 cikin 10 nata a cikin ruwa yake, ɗan kaɗan ne ke leƙowa. To tsakiyar ƙuryar kudu, inda Amurka take da tashar bincikenta, tsayin wurin daga saman teku mita 2,835 ne. Da a kan ruwa take yawo, kafin mita 2,800 su leƙo sama sai an sami fiye da kilomita 20 a nutse. Alhali wuri mafi zurfi a duk tekunan duniya bai wuce kilomita 11 ba. Ka ga ke nan ba inda za ta shige, dole a kan wani abu take zaune.

Kawu_Sule:
Injiniya ka kashe bakin magana. Ni ko makaranta ban yi nisa ba amma wannan na gane shi.

MaiShakka:
Ni fa duk irin waɗannan lambobin ba sa burge ni. Wa ya shiga ƙarƙashin ƙanƙarar ya gani da idonsa? Bature ya zauna a ofis ya rubuta, mu kuma mu yi ta haddacewa.

Malam_Haruna:
@MaiShakka tambayarka tana kan hanya ɗan'uwa, ba laifi a tambayi yadda aka sani. Hanya uku ce babba. Ta farko tun shekarun 1950 suke fasa nakiya a saman ƙanƙara su saurari tsawon lokacin da ƙarar za ta ɗauka ta bugi dutse ta dawo, da haka 'yan Tarayyar Sobiyet suka gano jerin duwatsun Gamburtsev a 1958, duwatsu ne masu girman Alps na Turai amma ko ƙololuwarsu ba a gani, ƙanƙara ta binne su ɗungurungum. Ta biyu na'urar rada da ake ɗaura wa jirgin sama, tana ratsa ƙanƙara ta zano siffar ƙasan. Ta uku kuwa haƙa ce da gaske kamar rijiyar burtsatse. Sannan ba sai an je ƙasa ba ma, akwai duwatsun da suka fi ƙarfin ƙanƙarar suka fito fili ana hawansu. Dutsen Vinson mita 4,892, shi ne mafi tsawo a nahiyar, tun 1966 aka hau shi. Ga kuma dogon jerin duwatsun da ya raba nahiyar gida biyu, gabas da yamma, tsawonsa wajen kilomita 3,500. Teku ba ya tsiro da dutse irin wannan a kan ƙanƙara mai yawo.

Ummu_Hanan:
Malam maganar tafkin fa? Ni ita nake jira wallahi, don ni ma na goyi bayan Sadiq a nan, abin bai kama hankali ba.

Dr_Fa'iza:
Ummu Hanan bari in taya Malam. Tafkin gaskiya ne, kuma ba ɗaya ba ne, ɗaruruwa aka gano. Babbansu shi ne Vostok, tsawonsa wajen kilomita 250 faɗinsa wajen 50, yana kwance ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita 4. Abin dariyar ma a samansa ne tashar Rasha take, inda aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa da ma'auni a doron ƙasa, digiri 89.2 ƙasa da sifili, ranar 21 ga Yulin 1983. Wato sama ana mutuwa da sanyi, ƙasa ruwa na kwance abinsa.
Dalili kuwa, sanyin daga iska yake zuwa, daga sama. Ita ƙasa ta cikinta zafi ne da ita, kullum yana tasowa a hankali. Ƙanƙara mai kauri haka sai ta zama kamar bargo ta hana zafin fita. Ƙari a kan haka nauyin da ke danne ruwan yana sa ba ya daskarewa a sifili, sai ya yi ƙasa da haka da wajen digiri 3. 'Yan Rasha sun yi shekaru suna haƙa, a Fabrairun 2012 suka huda har saman ruwan a zurfin mita 3,769, ruwan ya taso cikin ramin da kansa ya daskare a ciki.

Ummu_Hanan:
Subhanallah. To na janye goyon bayana, Sadiq ka yi haƙuri kai kaɗai ka rage.

AbuAmmar_77:
Ku tsaya kada ku yi saurin binne Sadiq, yana da rabin gaskiya kuma ba wanda ya faɗa. Malam Haruna da girmanka, ka ce ƙasa ce a tsakiya, haka ne, amma ba ka ce wani babban ɓangare na wannan ƙasar yana ƙasa da matakin teku ba. Musamman ɓangaren yamma, in da za a ɗauke ƙanƙarar yau da safe abin da za ka gani tarin tsibirai ne ruwa na bi tsakaninsu, ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. A gabas ma akwai kwarin da ke ƙarƙashin kogin ƙanƙara (ƙanƙara mai gangarowa a hankali kamar kogi) na Denman wanda zurfinsa ya kai wajen mita 3,500 ƙasa da matakin teku, babu wani wuri a kan nahiya da ya kai shi zurfi, a 2019 aka fitar da wannan. To wanda ya ce teku ne a ƙasan wani sashe, ƙarya ya yi?

Sadiq_Taswira:
Allah ya yi maka albarka Abu Ammar!! Yanzu na ji magana. Zan tura masa wannan yanzun nan.

Injiniya_Nura:
Sadiq kada ka yi murna da wuri. Abu Ammar ai ƙanƙarar zaune take daram a kan dutse a wurin, ba ruwa tsakaninsu, zurfin ramin daban, yawo a kan ruwa daban. Kuma wani abin da ya sa ƙasar ta yi ƙasa haka nauyin ƙanƙarar ne da kansa ya danna ta, kamar mutum mai ƙiba ya zauna a katifa. In aka ɗauke nauyin za ta taso da ɗaruruwan mitoci, sai dai a hankali cikin dubban shekaru. Ana ganin irinsa yanzu haka a arewacin Suwidin da Finlan, ƙanƙararsu ta narke tun tuni amma har yau ƙasar tana tasowa kusan santimita 1 duk shekara.

AbuAmmar_77:
Na yarda da katifar Injiniya, amma ko ta taso ba duka za ta fito ba. Ni dai abin da na ce kada a mayar da yaron nan kamar bai san komai ba.

Gaskiya_Daya:
Duk kun bar ainihin zancen. Antaktika katanga ce ta ƙanƙara da ta kewaye duniya, shi ya sa aka hana kowa zuwa, sojoji ne ke gadin wurin. Ku nemi bidiyon a intanet za ku ga katangar da idonku, doguwa ba iyaka. Me suke ɓoyewa a bayanta?

Yar_Baba22:
Tab, an zo wurin. Dama na san sai wani ya kawo wannan

Malam_Haruna:
@Gaskiya_Daya katangar da ka gani a bidiyo akwai ta, ba haɗi ba ne, amma ba abin da kake zato ba ce. Ƙanƙarar da ke kan ƙasa tana gangarowa a hankali zuwa teku, in ta iso sai ta miƙe a kan ruwa kamar rumfa, gindinta na manne da ƙasa bakinta na kan teku. Babbar cikinsu ita ce ta Ross, girmanta ya kusa ƙasar Faransa, bakinta kuma a tsaye yake kamar an yanka da wuƙa, tsayin mita 15 zuwa 50, tsawon ɗaruruwan kilomita. Shi kansa James Clark Ross da ya iso wurin da jirginsa a 1841 shinge ya kira ta don ta tare masa hanya. Abin da ke bayanta kuwa an sani, ta kanta Amundsen ɗan Nowe ya bi ya isa tsakiyar ƙuryar kudu ranar 14 ga Disambar 1911, Scott na Ingila ya iso bayansa da wata guda da 'yan kwanaki ya mutu a hanyar dawowa. A 1957 zuwa 1958 ayarin Vivian Fuchs ɗan Birtaniya ya shiga ta wannan gefen ya fita ta wancan da motocin ƙanƙara cikin kwana 99. Batun sojoji kuma akasin haka ne, yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ita ce ta hana aikin soja da gwajin makamai a can.

Baffa_Jirgi:
Salam. Ni ban cika magana a guruf ba amma wannan ta shafe ni. Ɗana Gaskiya Ɗaya, ni na je, ba labari aka ba ni ba. Na yi kaka biyu ina aiki a kicin ɗin wani jirgin 'yan yawon buɗe ido da ke tashi daga Ushuwaya a ƙarshen Ajantina. Ba soja ko ɗaya da ya tare mu, abin da ya kusa tare mu ruwa ne.
Tsakanin ƙarshen Amurka ta Kudu da tsibiran farko na Antaktika akwai mashigin Drake, wajen kilomita 800, kwana biyu ake yi a ciki. Tafiyata ta farko na ɗauka na san teku, ashe ban san komai ba. Tun kafin mu shiga shugaban kicin ya sa muka ɗaure tukwane a kan murhu da ƙarafa, muka jiƙa mayafan tebur da ruwa don faranti kada ya zame, ni ina ta mamaki. Da dare ya yi na gane. Jirgin zai hau sama kamar ba zai tsaya ba sai ka ji cikinka ya bar jikinka, sannan ya faɗo, aljihun tebur duk suna buɗewa suna rufewa da kansu, na kwana riƙe da ƙarfen gado ina salati. Da safe mutum fiye da ɗari muka dafa wa abinci, waɗanda suka fito ci ba su cika ashirin ba, sauran na ɗaki suna amai.
A rana ta biyu akwai inda ake kaiwa sai hazo ya rufe ko'ina, iska ta canja lokaci ɗaya, matuƙan suka ce nan ne ruwan kudu mai sanyi yake haɗuwa da mai ɗumi, ma'aunin ruwa yana faɗuwa da 'yan digirori cikin sa'o'i kaɗan. Daga nan sai ka fara ganin tsibiran ƙanƙara, wasu saman su a baje kamar tebur, cikin tsagarsu shuɗi irin wanda ban taɓa gani ba a rayuwata. In aka kashe injin ƙaramin kwalekwale za ka ji ƙananan gutsattsarin suna ƙara tas tas tas kamar an zuba lemo mai gas a kofi, wai iskar da ta maƙale a ciki tun dubban shekaru ce take fita.
Sadiq, batun ƙasa kuwa na taka ta da takalmina. Baƙin dutse ne da tsakuwa, da kashin tsuntsun fengwin mai warin da tun daga cikin jirgi kake jinsa. Akwai wani tsibiri Deception, bakin dutse mai aman wuta ne ruwa ya cika shi, jirgi yana shiga ciki ta wata 'yar ƙofa, yashin bakin ruwan baƙi ƙirin yana tururi, in ka tona da hannu ka ji ɗumi.

Kawu_Sule:
Kai Baffa, Allah ya ja kwana. Wannan ai sai ka ba mu labarin a zaune. Ni jirgin ruwa ko a kogi ba na so balle wannan.

Gaskiya_Daya:
Baffa da girmanka, bakin gaɓa kawai aka kai ku, ba ku shiga ciki ba.

Baffa_Jirgi:
Haka ne ɗana, gaɓa muka tsaya, ban ce na shiga ciki ba. Abin da na gani shi na faɗa.

Hauwa_Kimiyya:
Baffa na gode da labarin nan. Ga masu tambayar me ya sa ruwan wurin yake hauka haka, ku ɗauki taswira mai siffar ƙwallo ku juya ta ku kalli ƙasanta. A layin da ya bi ta mashigin Drake za ka iya kewaye duniya gaba ɗaya a kan ruwa ba ka ci karo da ƙasa ba. Iska na kaɗawa daga yamma zuwa gabas ba dutse ba daji da zai rage mata ƙarfi, sai ta tura ruwan ya yi ta zagaya nahiyar kamar ana juya cokali a kofi. Wannan gudanar ruwan ita ce mafi girma a duniya, abin da take ɗauka ya ninka na duk kogunan duniya a haɗe fiye da sau 100, kuma dukkanta sai ta matse ta bi ta wannan mashigin da Baffa ya ratsa. Ita ce kuma take tsare ruwan ɗumi daga arewa kada ya iso, shi ya sa nahiyar ta zama firij. Tekun nan daga layin digiri 60 na kudancin duniya zuwa gaɓar Antaktika shi ake kira Tekun Kudu, wasu taswirorin tsofaffi ba za ku gan shi da suna ba, mujallar National Geographic ma sai a 2021 ta fara sa shi a matsayin teku na biyar.

Dan_Aji_Uku:
Anti Hauwa mu a makaranta tekuna huɗu aka koya mana, yanzu in aka tambaye mu a jarrabawa wanne za mu rubuta?

Hauwa_Kimiyya:
Rubuta abin da malaminku ya koya maka ka ci makinka ƙanina, sauran ka riƙe a kai hhh

MaiShakka:
To in dai wannan ruwan ne ya mayar da ita firij, kafin nan me ce ce? Kada ku ce min da can ma akwai bishiyoyi

Dr_Fa'iza:
@MaiShakka abin da za mu ce maka ke nan kuwa. Akwai kwal a duwatsun can, kwal kuma daga daji yake samuwa. An sami ganyaye da suka zama dutse, irin waɗanda aka samu a Afirka ta Kudu da Indiya da Ostireliya, abin da ke nuna da can a haɗe suke wuri ɗaya. Mutanen Scott da aka tsinci gawarsu a tanti, an sami wajen kilo 16 na irin waɗannan duwatsun tare da su, suna jan su a kan sanyi da yunwa ba su yar ba. An kuma tono ƙasusuwan dainoso a can. Masana sun ce ƙanƙarar ta fara rufe nahiyar wajen shekara miliyan 34 da suka wuce, lokacin da ta rabu da maƙwabtanta ruwa ya sami hanyar zagaya ta, iskar kabon a sama kuma ta ragu. Wannan ma amsa ce ga Sadiq, daji ba ya tsirowa a kan teku.

Ummu_Hanan:
Ni wani abu na karanta ya ɗaure min kai, wai ita ce hamada mafi girma a duniya, har ta fi Sahara. Ta yaya wurin da ruwa ya taru ya daskare zai zama hamada fisabilillahi?

Malam_Haruna:
Hajiya su masana ba zafi ko yashi suke dubawa ba, abin da ke saukowa daga sama a shekara suke aunawa. A tsakiyar nahiyar in ka narka dusar da ta zuba shekara guda ba ta kai milimita 50 na ruwa, iska mai tsananin sanyi ba ta riƙe laima. Abin da ya sa ta taru haka don ba ta narkewa ne, kamar mai albashi kaɗan da ba ya kashe ko sisi. Sahara wajen murabba'in kilomita miliyan 9 ce, wannan 14. Akwai ma kwaruruka kusa da tashar bincike ta McMurdo da babu ƙanƙarar sam, tsakuwa ce tsura, iska mai gangarowa daga tudu ta busar da komai. A can ne kogi mafi tsawo na nahiyar yake, Onyx, kilomita 32 kacal, 'yan makonni yake gudu a shekara, kuma maimakon ya nufi teku sai ya juya baya ya zuba a wani tafki.

AbuAmmar_77:
Ni dai a Hausa ba zan kira wurin da ke riƙe da kusan kashi 70 na ruwan daɗin duniya hamada ba, ko masana sun ce. A nemo mata wani suna.

Yar_Baba22:
To in duk ta narke fa? Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan, kullum ana cewa wani ƙaton yanki ya ɓalle

Injiniya_Nura:
Ƙanwata nan ne ma musun Sadiq yake da amfani. Jiya da na ga tambayar na gwada wa yarana, na cika kofin gilashi da ruwa na jefa ƙanƙara uku na ja layi da biro a daidai bakin ruwan, muka bar shi. Da ta narke ruwan yana nan a kan layin bai motsa ba. Sai na sake, wannan karon na ɗora ƙanƙarar a kan rariya a saman kofin, tana ɗiga, kafin a jima ruwa ya haura layin. Da Antaktika irin ta farko ce kamar yadda Sadiq ya ce da ba mu da damuwa. Amma irin ta biyu ce, a kan ƙasa take, in duk ta narke teku zai tashi wajen mita 58. Ba abin gobe ko jibi ba ne, dubban shekaru ake magana. Wanda ake sa wa ido yanzu shi ne kogin ƙanƙara na Thwaites a yamma, girmansa kamar Birtaniya, shi kaɗai yana riƙe da abin da zai ɗaga teku santimita 65, kuma yana cikin wuraren da Abu Ammar ya faɗa masu gindi ƙasa da matakin teku, ruwa mai ɗan ɗumi yana shiga yana cinsa ta ƙasa.

Hauwa_Kimiyya:
Ƙari kan na Injiniya, waɗanda ake cewa sun ɓalle yawanci daga rumfunan da Malam ya faɗa suke, dama a kan ruwa suke, ɓallewarsu ba ta ƙara wa teku komai kai tsaye. Matsalar ita ce su ne birki, in suka tafi ta kan tudu sai ta ƙara gudu. An gani a 2002 da rumfar Larsen B ta wargaje cikin 'yan makonni, kogunan ƙanƙarar da ke bayanta suka ninka saurinsu. Wani ƙaton yanki kuma mai suna A23a ya ɓalle tun 1986 amma gindinsa ya kafe a ƙasan tekun Weddell, ya yi fiye da shekara 30 a tsaye wuri ɗaya kafin ya kama hanya.

AbuAmmar_77:
Tunda an zo nan bari in ƙara wa Sadiq harsashi ɗaya. Duk shekara in sanyin can ya kama, tekun da ke kewaye da nahiyar yana daskarewa da gaske, a watan Satumba faɗinsa yakan kai wajen murabba'in kilomita miliyan 18, ya fi ita nahiyar kanta, sai zuwa Fabrairu ya narke ya koma miliyan 2 zuwa 3. Wato in ka kalli hoton tauraron ɗan adam na Satumba, fiye da rabin farin da kake gani teku ne da ya daskare, daidai yadda Sadiq ya faɗa. Irin wannan ƙanƙarar ce ta matse jirgin mai binciken nan na Birtaniya Shackleton, Endurance, ta murƙushe shi a 1915, sai a Maris ɗin 2022 aka gano shi kwance a zurfin mita 3,008.

Sadiq_Taswira:
Kun ji ko! Fiye da rabi! To ai ni ne da rinjaye ke nan, Malam Haruna a duba min wannan

Malam_Haruna:
Sadiq kai ka ce ba nahiya ba ce sam, ba ka ce a wane wata ba. In a aji ne zan ba ka 3 cikin 10, ɗaya na ƙanƙarar teku, ɗaya na rumfuna, ɗaya na ƙoƙari.

AbuAmmar_77:
Malam ka matse hannu, 5 ya kamata

MaiShakka:
Ni har yanzu tafkin nan ne ban gamsu ba, sun huda sun ga ruwa, wa ya ce ba zafin injin haƙar ne ya narka shi ba

Dr_Fa'iza:
Injin haƙa ba ya narka ruwa mai tsawon kilomita 250 ɗan'uwa, kuma rada ta nuna shi tun kafin a huda, saman ruwa a shafe yake fitowa sumul a hoton, dutse kuwa da gargada.

Dan_Aji_Uku:
Baffa don Allah kun ga farin beyar nan mai cin mutane a can?

Baffa_Jirgi:
Babu shi a can jikana, na arewa ne. Fengwin ne da kifin whale da wasu manyan karnukan ruwa masu kwanciya a kan ƙanƙara kamar buhuna. Su fengwin ko tsoron mutum ba sa yi, doka ce ma kada ka matsa kusa da su, amma su ba su san dokar ba, ɗaya ya zo ya yi ta saran igiyar takalmina ina tsaye kamar gunki.

Sadiq_Taswira:
Na tura wa abokin nawa duk bayanan nan, ya ce shi bai yarda da raba data ba, ko duka ko babu. Na ce masa sai dai mu jira Satumba. Abu Ammar kana ina, zan sa ka a kiran.

AbuAmmar_77:
A'a ni kada ka sa ni, ina wurin aiki. Baffa wai shi wannan tsibirin mai tururi ana iya wanka a ruwan ko ƙonewa ake yi?